Daga Gulbin Maraɗi zuwa Dutsen Tamgak: abin da muka gani a gandun dajin Abzin

A wannan wata jaridarku ta yi doguwar tafiya. Wakilinmu ya bar gulbi ya nufi arewa, ƙasar duwatsu, har ya shiga babban gandun dajin Abzin da Tenere, ya hau Dutsen Tamgak da ƙafarsa. Ga labarin da ya kawo mana. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, da dare a dandali ko bayan an tashi daga kasuwa.

Mu mutanen Maraɗi ba mu san dutse ba. Ƙasarmu jigawa ce da fadama. Yaron da aka haifa Tibiri ko Jiratawa yana iya girma har ya yi aure bai ga tudun da ya fi gangaren da ake hawa daga gulbi zuwa birni ba. Ni ma haka na tashi. Shi ya sa da aka ce in je in gano duwatsun Abzin, sai na ɗauka wasa ne, hawa ne da sauka. Ashe gani ya kori ji.

Abin da ya haɗa mu da Abzin

Wani zai ce, ina ruwan manomin hatsi da duwatsun da ke nesa haka? To, a saurara.

Na farko, tarihin baka na Gobirawa ya nuna cewa kakanninsu sun zauna Abzin kafin su gangaro kudu. Daga can suka sauko, suka yi zama a Birnin Lalle wajen Dakwaro, daga baya suka kafa Alƙalawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma a 1836 Sarki Mayaƙi ya kafa Tibiri. Ke nan Bagobirin da ya je Abzin kufan kakanni ya je gani. Har yau in ana zancen doki na ƙwarai sai an ambaci ɗan Bagazam, kuma Bagazam sunan dutse ne a Abzin. A kansa ne wurin da ya fi ko'ina tsawo a ƙasarmu Nijar yake, mita 2,022 bisa teku.

Na biyu, ayari. Tun kaka da kakanni Abzinawa na tashi da raƙuma wajen watan Oktoba, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino. In sun huta a gida sai su yo kudu, su sayar, su auni hatsi. Suna cin rani a ƙasar Hausa, raƙumansu na kwana a gonakinmu suna cin kara suna bar mana taki. Dattawanmu sun san wannan ma'amala, wasu ma suna da Ba'abzinen da ke sauka gidansu shekara da shekaru. Motoci sun rage wa ayari ƙarfi ƙwarai, amma gishirin da muke ba dabbobinmu bai canza hanya ba. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zauna Tintellus ta Abzin a 1850, kuma ayarin gishiri ya biyo har ya iso Tasawa da Gazawa a farkon 1851, kafin ya wuce Katsina da Kano.

Na uku, harshe. Daga Agadas har cikin ƙauyukan duwatsu ban taɓa neman tafinta ba. Mazan da suka yi ayari suna jin Hausa tas, har da irin ta Damargu da ta Katsina.

Hanya

Na tashi daga tashar Maraɗi da asuba, lokacin ɗari. Muka bi ta Tasawa zuwa Damagaram, daga nan muka yi arewa ta Tanut da Adarbisanat. Daga Maraɗi zuwa Agadas ta wannan hanya kusan kilomita 700 ne. Wanda ya buɗe ido zai ga yadda ƙasa ke tuɓe riga sannu a hankali. Gawo da kalgo suna ta raguwa. Bayan Tanut gonaki sun ƙare, sai makiyaya da rijiyoyi masu zurfi. Kafin Agadas aka gangara gefen Tigidit, wani dogon bakin dutse da ya miƙe kamar ganuwa, sai fili fetal.

Tun daga nesa ake hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Da laka aka gina ta, tsawonta mita 27, an fara ta wajen 1515 aka sabunta ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Na kwana biyu a garin. Na kai gaisuwa wurin ma'aikatan gandun daji, na nuna takarduna, na nemi shawara a kan lafiyar hanya. Ba a shiga duwatsu sai an yi haka.

Daga Agadas ba kwalta. Motar kat-kat muka shiga, muka bi ta Elmeki inda aka daɗe ana haƙar kuza, muka bar Bagazam can gabas da mu. Hanyar wani wuri yashin ƙorama ce, wani wuri tsakuwa baƙa ƙirin kamar an yi gobara. Wajen kilomita 220 ne zuwa Timiya, amma sai da muka wuni.

Timiya da kufan Asode

Bayan wuni guda cikin baƙin dutse, sai ga kore shar. Timiya ke nan. Kafin a shiga gari akwai wurin da ruwa ke zubowa daga bakin dutse yana taruwa a wani gurbi mai sanyi. Bisa tudu kuma ga ƙaramin barikin da Faransawa suka gina a shekarun 1950, daga nan ake ganin garin duka da lambunansa a bakin ƙorama: dabino, lemu, rumman, inabi, alkama, masara, albasa da tumatir.

Tambayar da na fara yi ita ce wadda kowane manomi zai yi: ina ruwa ke fitowa? Gama a yankin nan, musamman arewa wajen Iferwan, ruwan da ke sauka a shekara bai cika kai milimita 100 ba, alhali mu a Maraɗi muna samun wajen 500. Amsar tana ga dutse. Dutse ba ya shan ruwa. Ɗan abin da ya sauka bisa kansa duk gangarowa yake yi, ya taru a ƙorama, ya yi gudu na yini ɗaya ko biyu, sa'an nan ya nutse cikin yashi. Yashin nan shi ne randar. Yana ɓoye ruwan daga rana har shekara ta kewayo. Sai mai lambu ya haƙa rijiya a gefen ƙorama. A da sa ko raƙumi ke jan guga mai baki biyu, ruwa ya zuba a kwami, yaro na kora dabbar gaba da baya tun safe. Yanzu da yawa sun koma injin ban-ruwa. Wani mai lambu ya gaya mini cewa injin ya sauƙaƙa aiki, amma yana jan ruwa fiye da yadda rijiya ke mayarwa, har in damana ta yi gardama sai an ƙara wa rijiya zurfi. Na ce masa mutanen Jiratawa ma, da ke noman rani da ruwan ƙarƙashin ƙasa a fili mai wajen hekta 500 tun farkon shekarun 1980, sun san wannan magana.

Ruwan da ke rayar da su kuma shi ke cinye su. In ƙorama ta zo da ƙarfi takan kwashe lambu sukutum da rijiyarsa. A watan Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta fasa ta rushe gidaje da yawa a Agadas. Sai na tuna da abin da iyayenmu ke faɗi na 1945, shekarar da gulbi ya cinye tsohon Maraɗi har aka maido gari bisa tudu.

Tsakanin Timiya da Iferwan muka tsaya Asode. Babban birni ne a da, matattarar ayari. Yau ba kowa. Ga bangayen gidaje na dutse, ga kufan babban masallaci, ga sakaina ko'ina a ƙasa. Garin ya yi ta raguwa da ciniki ya kauce masa, kuma zamanin yaƙin Kawsan da Faransawa, 1916 zuwa 1917, sauran mutanen suka watse. Mun yi sallar azahar a nan, ba a jin komi sai iska.

Mene ne gandun Abzin da Tenere?

Iferwan yana cikin gandun, kuma daga nan ake shirya shiga Tamgak. A watan Janairu na 1988 gwamnati ta yi dokar da ta keɓe wannan yanki. Faɗinsa hekta 7,736,000. Don a gane girman, ya kusa ninki biyu na jihar Maraɗi gaba ɗaya, daga Madarunfa har bayan Dakwaro. Yammacinsa duwatsu ne, gabashinsa yashin Tenere. A tsakiyar yashin an sake keɓe hekta 1,280,500 inda aka hana shiga sam, saboda wata babbar dabbar hamada fara mai murɗaɗɗen ƙaho, dangin barewa, wadda Turawa ke kira adaks. A 1991 UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya.

Kada a ɗauka an kori mutane. Makiyaya da masu lambu suna nan a wurarensu. Abin da doka ta hana shi ne farauta, da saran ɗanyen icce, da kwasar kayan tarihi. Gama yankin cike yake da su: zane-zane a jikin duwatsu na raƙuman dawa da shanu da jiminu da mutane, da duwatsun niƙa, da kan kibau na dutse. Waɗannan suna shaida cewa shekaru dubbai da suka wuce wurin nan daji ne mai ciyawa da tafkuna. Wanda ya ga hoton raƙumin dawa a inda yau ko akuya sai da ƙyar take rayuwa, ya san ƙasa tana mutuwa.

Hawan Tamgak

Jagoranmu dattijo ne, makiyayin awaki, siriri kamar sanda, ya kusa sa'ar mahaifina. Da ya dube ni ya dubi takalmina na birni, sai ya tambaya ko ina da wasu. Na ce a'a. Bai ƙara cewa komi ba.

Mota ta sauke mu a bakin kwarin Tamgak bayan sallar asuba. Mu huɗu ne da jakai biyu, ɗauke da jarkar ruwa, barguna, garin alkama, shayi da sukari, da wata irin fura tasu ta hatsi da dabino da cuku, wadda ake dakawa a ƙulle a tafi da ita, in an so sha a dama da ruwa kawai.

Kwarin wata tsaga ce da ta raba dutsen. Da fari hanya yashi ce mai laushi, da itatuwan da na sani: gawo, aduwa, magarya, kandili, jiga, tumfafiya. Na yi murna kamar na gamu da ƴan garinmu. Amma da muka ƙara shiga, bangayen dutse suka matso dama da hagu, suka yi sama har sai mutum ya riƙe hula kafin ya ga ƙarshensu. Launinsu ja-ja da safe, toka-toka da rana. Yashi ya ƙare, sai manyan duwatsu masu santsi, wani ya kai ɗaki, wani ya kai rumbu, ruwa ne ya mirgino su ya goge su. In ka yi magana sai dutse ya maido maka.

Wajen hantsi muka iso gurbin ruwa na farko. Kwarmi ne cikin dutse, a inuwa, inda ruwan damana ke kwanciya wata da watanni. Abzinawa na kiran irinsa agelmam. Ruwan garai-garai, sanyinsa har haƙori. Na tuɓe takalmi zan tsoma ƙafa, sai dattijo ya riƙe hannuna. Ya ɗebo ruwa a kwano, ya kai ni nesa kaɗan, ya ce in wanke a can. Ya ce ruwan nan mutum na sha, akuya na sha, naman daji na sha da dare, kuma ba ya gudu balle ya wanke kansa. Na ce, "Baba, na yi kuskure." Ya ce, "Malam, ba ka sani ba ne."

A bakin ruwan ya nuna mini sawu iri-iri, yana karanta su kamar yadda ake karanta allo. Ga na dila. Ga na barewa. Ga kuma wani mai faɗi, ya ce na ragon dutse ne, ya sha ruwa kafin gari ya waye ya koma bisa. Ragon dutse dabba ce ja-ja mai manyan ƙahoni da dogon gashi a wuya da ƙirji. Kwana uku muka yi, sawunsa da kashinsa kaɗai na gani. Rema kuwa mun gan su da yawa suna shan hantsi a bakin ramu. Da la'asar muka ji haushi daga sama, muka ɗaga kai, sai ga gwaggon biri wajen goma a jere bisa wani bakin dutse suna kallonmu. Wannan abin mamaki ne. Danginsu suna can kudu mai nisa, ɗaruruwan kilomita, hamada ta shiga tsakani. Waɗannan ragowar zamanin da ƙasar ke da daji ne, dutse da ruwansa suka riƙe su.

Muka yada zango ƙarƙashin wani gawo. Dattijo bai bari an sari ko reshe ɗaya ba. Busassun ƙirare aka tsinto. Ya kwaɓa gari, ya share garwashi gefe, ya binne ƙullun cikin yashi mai zafi, ya maida garwashi bisa. Bayan ɗan lokaci ya tono gurasa, ya kakkaɓe, ya wanke, aka gutsuttsura da mai da tumatir. Da dare ɗari ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba. Bargo biyu da rawani, amma haƙorana na kaɗawa. A duwatsun nan, tsakanin Disamba da Janairu, ruwa kan daskare a kwano. Taurari kuwa sun yi kusa har ka ce da hannu za a tsinko su.

Washegari muka bar jakai da yaro guda, muka kama wata ƴar hanyar awaki da ta hau gefen kwarin. Nan na gane abin da dattijo ya gani a takalmina. Ba mu yi awa biyu ba gindin na dama ya ɓalle. Aka ɗaure shi da igiyar kaba. Numfashi ya yi mini wuya, gwiwa na rawa, ga rami a hannun hagu wanda ban so in leƙa ba. Na riƙa gaggawa don in huta da wuri, ina zama, ina tashi. Dattijo kuwa taku ɗaya yake yi, ƙanana, ba ya sauri ba ya tsayawa. Ya ce in sa ƙafa inda ya ɗauke tasa, in bar kallon sama. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan azahar muka fito bisa wata kafaɗar dutse. A nan ya nuna mini wani icce gajere, murɗaɗɗe, mai siraran ganye, ya fito daga tsagar dutse. Zaitun ne na daji. Ba ya fitowa sai can bisa, wajen mita 1,500 zuwa sama, a manyan duwatsun Sahara. Masana sun ce saura ne na zamanin da ake ruwa da yawa, kuma da wuya a ga sabon tsiro, tsofaffin ne ke tohowa daga gindi. Wanda ya sare ɗaya ya sare abin da ba mai iya maidowa.

Daga wurin na juya na duba. Duwatsu jeri bayan jeri, baƙi da shuɗi, har iyakar gani. Ƙoramu sun ratsa tsakaninsu farare kamar zare, kowace da ɗan layin itatuwa a bakinta. Can gabas wani hazo ja-ja, dattijo ya ce yashin Tenere ne. Ƙololuwar Tamgak mita 1,988 ce. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban kai ta ba. Ruwanmu ya yi rabi, ƙafata ta yi bororo, dattijo ya dubi rana ya ce a juya. Na so in yi gardama, amma na tuna shi ya san wurin. Sauka ta fi hawa wuya. Mun iso zango ana kiran magariba a ƙasar da ke da ladan.

Abin da aka rasa

A daren ƙarshe na tambayi dattijo abin da ya gani yana yaro wanda babu shi yanzu. Ya ce jimina. Har ƙarshen shekarun 1980 garkunan jimina na kiwo a ƙoramun Abzin, suna cin abinci kusa da raƙuma. Da tawaye ya tashi a farkon shekarun 1990, ma'aikatan gandu suka janye, bindiga da mota suka yi yawa a daji. Cikin ƴan shekaru aka ƙare su. Tun 1992 UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. An yi sulhu a 1995, amma fitina ta sake tashi daga 2007 zuwa 2009, har mutanen Iferwan suka bar garinsu na wani lokaci. Baƙin da ke zuwa kallo daga ƙasashen waje suka ɗauke ƙafa, jagorori da maƙera da masu raƙuman haya suka rasa abin yi. Daga 2014 kuma aka sami zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka riƙa ratsa arewa, kowa na bukatar iccen girki da nama. Jiminar da na gani a Iferwan cikin shinge take. Ana kiwon irinta a can da kuma Kelle ta jihar Damagaram, da fatan wata rana a maida su daji.

A Tenere akwai wani icce guda tilo da ayari ke kwatance da shi, ba wani iccen kusa da shi tafiyar kwana da kwanaki. A 1973 mota ta banke shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, a wurinsa kuma an kafa na ƙarfe. Na ƙarfe ba ya inuwa, ba ya ba raƙumi ganye.

Darasi gare mu

Ƴan'uwa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da namu gandayen. Arewa da Dakwaro akwai Gadabeji, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955. Raƙumin dawa ya ɓace daga can shekaru da yawa, sai a 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure aka sake su a ciki. Dubi irin wahala da kuɗin da aka kashe don maido abin da a da yake yawo kyauta. A kudu muna da dajin Baban Rafi, inda giwaye ke shigowa a da. Muna da tafkin Madarunfa da tsuntsayensa, da goribar Gulbin Kaba. Duk wanda ya kai shekara hamsin ya san yadda suke da da yadda suke yanzu.

Abu uku na ɗauko daga Tamgak.

Na ɗaya, ruwan da ya sauka kada a bar shi ya gudu. Mutanen Abzin da ɗan abin da suke samu suke cin alkama da lemu. Mu da muke samun ninkinsa biyar, mu tare shi a gona da jerin duwatsu ko kunya ko ramukan taki.

Na biyu, icce. A Iferwan na ga ɗakuna da ofisoshi da aka gina ba azara ko ɗaya, rufinsu na tubalin laka ne da aka lanƙwasa kamar baka. Aikin kula da gandun ne ya yaɗa wannan gini a shekarun 1980 don a bar saran goriba. Maginanmu na iya koyo. A gona kuma muna da sassaben zamani, wanda a nan ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1983, ya bazu bayan yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari. Manomi ya bar kututture ya toho, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa suka komo a gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wannan abin alfaharinmu ne, kada mu sake shi.

Na uku, doka ba ta tsare daji ita kaɗai. Ma'aikacin gandu bai bi mu cikin kwarin ba. Dattijon ne ya hana ni ɓata ruwa, shi ya hana a sari reshe, ba don tsoron tara ba, don jikokinsa a nan za su yi kiwo.

Shawara ga mai son zuwa

Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Da bazara zafi ya yi yawa. Da damana kuma ƙorama na iya zuwa ba zato ko da ba a ga hadari ba, don haka ba a kwana a tsakiyar yashinta.

A fara neman izini da shawarar hukuma a Agadas, a bi abin da suka ce game da lafiyar hanya. In sun ce a dakata, a dakata. Kada direba ya bar sawun da motoci ke bi, gama an binne nakiyoyi a yankin zamanin fitina.

Kada a shiga dutse ba jagora ɗan wurin, kuma a yi ciniki da shi tun kafin a tashi, a biya shi hakkinsa. A tafi da katin ɗan ƙasa, takalmi mai ƙarfi, bargo biyu, da ruwa fiye da yadda ake zato. Kada a yi wanka ko wanki cikin gurbin ruwa. Kada a ɗauko dutsen niƙa ko kan kibiya, kada a rubuta suna a jikin zanen mutanen da. Leda da gwangwani a komo da su.

Wanda bai da halin zuwa Abzin, Madarunfa da Baban Rafi ba nisa. Muna kira ga malaman lakwal da shugabannin ƙungiyoyin manoma su shirya wa yara fita, su je da wani dattijo da zai gaya musu sunan kowane icce da amfaninsa. Wanda kuma ya san wani labari na ayari ko na zaman Gobirawa a Abzin, ya rubuto mana ko ya sa a rubuta masa, za mu buga.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.